Yadda Nomau Ya Yi wa Rumfar Yayansa Shela

A garin Dutsen Marke, zamanin da ake ciniki da kuɗin wuri, Turawa ba su iso ba tukuna sai dai madubansu da alluransu da fatake ke kawowa daga kudu, an yi wasu 'yan'uwa biyu, Cindo da ƙanensa Nomau. Kakata ce ta ba ni labarinsu, ita kuwa daddawa take sayarwa a kasuwar garin, don haka mai son ƙaryatawa ya je ya ƙaryata ta, ni ba ruwana.

Cindo ɗan koli ne. Allura, zare, kwalli, madubi, murjani, turare, duk tarkacen da mata ke so a wurinsa ake samu. Rumfarsa ta gado ce, ubansu ya shekara talatin a cikinta, tana bakin kasuwa gindin wata tsamiya, inda duk mai shiga sai ya gifta ta gabanta. Ba su da gona, ba su da garke. Da rumfar nan suke ci, shi da matarsa Tasalla da Nomau. Shi kuwa Nomau ƙato ne, gemu ya fito ya cika fuska, ga ƙarfi ga ladabi, sai dai Allah bai ba shi gane nufin magana ba. Abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi, kuma ba ya mantawa. Ka ce ya jira ka a bakin rijiya ka sha'afa, to gobe can za ka same shi. Abu ɗaya aka ba shi har ya yi masa yawa, murya. In ya yi sallama a ƙofar gabas, sai kajin ƙofar yamma sun watse.

Ana nan sai ciwon maƙogwaro ya kwantar da Cindo da damina. Ya tashi, amma muryar ba ta tashi tare da shi ba, sai raɗa, sai ka kai kunnenka bakinsa. To a wancan zamani ba wani allo da ake rubuta suna a kafa a ƙofar shago. Bakinka shi ne tallanka. Ɗan koli ba murya, ai an gama da shi. Daidai lokacin kuma wani baƙon ɗan koli mai suna Arzika ya sauka garin, ya ɗauki maroƙi da mai kalangu suna cika kasuwa da kirarin kayansa tun hantsi. Rumfar Arzika tana can ciki, idonsa kuwa yana gindin tsamiya. Goro ya yi ta tafiya gidan Sarkin Kasuwa Dogara, ƙwarya bayan ƙwarya, har ran nan Sarkin Kasuwa ya tsaya gaban Cindo ya ce, "Cindo, bakin kasuwa ba wurin shiru ba ne. Kasuwar nan Laraba take ci, to na ba ka Laraba biyar. In na zo ta biyar ɗin na tarar da kai da ƙudaje kaɗai, Arzika ya dawo nan, kai ka koma bayan mahauta."

Bayan mahauta fa! In ban da ungulu wa ke zuwa can? Wace mace ce za ta tsallake jini ta je sayen turare? Cindo ya koma gida ya gaya wa matarsa. Tasalla ta ji bayani ta ce, "Malam, ga murya can zaune a zaure tana cin tuwonmu a banza." Cindo ya dube ta, ya leƙa ya dubi Nomau, ya yi ajiyar zuciya. Ya san halin ƙanensa sarai, amma ba yadda zai yi.

Wata rana, ana gobe kasuwa, Cindo ya jawo kunnen Nomau ya ce, "Ka zaga gari ka shaida wa mutane akwai kwalli da turare da madubi a rumfarmu. Kowa da kowa, kada ka tsallake mutum ko ɗaya." Nomau ya ce, "To, Yaya." Ya fara da liman, yana tsakiyar alwala. Ya bi ta marina, ya bi ta maƙera. Ya tarar da wani kurma yana saƙar tabarma, ya zauna gabansa yana ta ƙwala masa har azahar, don shi ma ai mutum ne. Daga nan ya hango taro a ƙofar wani gida, ya ce a ransa yau ga aiki ya zo da sauƙi. Ashe zaman makoki ne, kwana uku da rasuwar maigidan. Ya bi mazan ɗaya bayan ɗaya yana gaya musu, suna kallonsa baki buɗe. Da ya gama sai ya tuna akwai saura a ciki, ya tsaya bakin zaure ya buɗe murya, "Matar gidan nan! Akwai kwalli da turare a rumfar Cindo, gobe ki zo ki yi kwalliya!" Matar da ke takaba, wadda ko lalle ba za ta taɓa ba sai bayan wata huɗu da kwana goma! Kuka ya ɓarke a cikin gida sabo fil. Washegari maimakon Cindo ya zauna rumfa, sai ya wuni yana bin dangin mamacin gida gida yana ba da haƙuri, da raɗa. Laraba ɗaya ta tafi.

Da ya dawo ya zaunar da Nomau ya ce, "Ka buɗe kunne da kyau. Duk inda ka ga hawaye, ba wurin talla ba ne. Ka yi ta'aziyya, ka ja bakinka." Nomau ya ce, "To, Yaya."

Wata rana, Laraba ta biyu ke nan, Cindo ya tafi masallaci ya bar Nomau a rumfa. Sai ga Hakama, mahaifiyar madugun garin, tsohuwa mai abin hannu, wadda ɗanta ya tafi Gwanja fataucin goro da ayari wata biyar ba labari. Hayaƙin murhu ya ɓata mata ido yana ta zubar ruwa, ta fito neman kwalli mai kyau, da niyyar in ta samu ta haɗa da murjani na jikokinta bakwai. Cinikin da zai ɗaga rumfa ke nan. Ta tsaya ta ce, "Ɗan nan, kuna da kwalli?" Nomau ya dubi fuskarta, ya ga hawaye shaɓe-shaɓe. Sai ya durƙusa ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta."

Ta ce, "Wa?"

Ya ce, "Wanda kike yi wa kuka."

Tsohuwa ta zaci labarin ɗanta ne ya iso kasuwa kafin ya iso gida. Ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu, aka ɗauke ta ranga-ranga. Kafin la'asar rabin gari ya taru a gidan madugu, har an ɗora tukwane. Sai da dattawa suka bi diddigin maganar, wa ya gaya maka, wa ya gaya masa, aka iske tushenta bakin Nomau ne. Shi kuwa Arzika, mutumin kirki, kafin magariba ya aika wa tsohuwar da kwalli kyauta da gaisuwar ban haƙuri. Murjanin jikoki bakwai a wurinsa aka saya.

Tasalla ta ce, "Malam, bakin nan nasa shi ke jawo mana. Mu bar baki mu koma hanci, ƙamshi ai ba ya bukatar bayani."

Wata rana, Laraba ta uku, Cindo ya fito da wata 'yar kwalbar turaren wardi da ya sayo wurin Larabawan Kano, wadda ta fi komai tsada a rumfar, ya danƙa wa Nomau ya ce, "Ka tsaya bakin hanya. Ban ce ka yi magana ba. Duk wanda ya gifta gaban rumfa, ka ɗan shafa masa kaɗan." Dabara ce mai kyau, ni ma na yarda. Da farko abin ya yi, mata biyu sun shinshina hannu har sun juyo suna taya kwalli, Cindo ya duƙufa a kansu. Sai ga Buzaye sun shigo da gishiri, raƙuma a gaba, jakuna a baya. Nomau ya shafa wa Buzun farko. Raƙuminsa ya gifta, ya miƙa hannu ya shafa masa a wuya. Jaki ya gifta, ya shafa masa a goshi. Haka ya yi ta bi, jaki arba'in da 'yan kai, bai zalunci ko ɗaya ba. Ko da Cindo ya ɗago kai, kwalba ta ƙare, kasuwar gishiri kuwa sai tashin ƙamshi take kamar ɗakin amarya.

Cindo ya karɓi kwalba ya kifa ta ya ce, "Har jakuna, Nomau?"

Nomau ya ce, "Ai sun gifta, Yaya."

Kafin azahar maroƙin Arzika ya mai da abin waƙa, wai mai son ƙamshin jaki ya nufi gindin tsamiya. Matan da suke da turaren Cindo a gida ma sai suka daina shafawa, kada a shinshina a yi musu dariya.

Wallahi ni a nan tausayin Cindo ke kama ni. Mutum ne da bai taɓa cutar kowa ba, ga shi kullum in ya zo wucewa sai ya tsaya ya daɗe yana kallon ginshiƙin rumfar da ubansa ya kafa da hannunsa. Abinci ma ya daina shiga masa. Amma da yake mai neman mafita ba ya rasa wata dabarar, sai ya ce a ransa, tun da Nomau ba ya iya tsara magana, bari ya kwaikwayi wanda ya iya.

Wata rana, Laraba ta huɗu, ya ce masa, "Je ka tsaya kusa da maroƙin Arzika ka saurara. Yadda ka ji yana yi, ka dawo nan ka yi haka daidai, kada ka sake ko kalma ɗaya." Nomau ya tafi ya kasa kunne, ya dawo ya hau saiwar tsamiya, ya gyara tsayuwa, ya buɗe wannan murya tasa: "Ina mata, ina 'yan mata! Ku nufi rumfar Arzika, mai allurar da ba ta tsatsa! Arzika mai madubin gaskiya! Ku wuce gindin tsamiya, ba komai can sai ƙamshin jaki!" Tirƙashi! Maroƙin Arzika muryarsa iyakar layi uku take kaiwa, ta Nomau kuwa har masu wanki a rafi sai da suka ji. Cindo ya fito a guje yana jan rigarsa, yana raɗa, Nomau ya ɗauka ƙarfafa masa gwiwa ake yi, ya ƙara ɗagawa. Ran nan Arzika ko zare bai kai gida ba. Da yamma ya aiko wa Nomau da goro biyu farare, wai a gode masa. Nomau ya ba Yayansa ɗaya, don shi yaro ne mai ladabi tun asali.

Cindo bai yi faɗa ba. Da me zai yi? Tasalla ce ta shiga ɗaki ta sha kukanta.

Wata rana, Laraba ta biyar, ranar da Sarkin Kasuwa zai zo, Cindo ya riga ya sallama. Bai ko baje kaya sosai ba. Ya shiga ƙuryar rumfa ya jawo wani tsohon adudu, kwandon nan mai murfi, da ƙura ta rufe. Ku da ba ku san kasuwar da ba, bari in gaya muku. Rumfar da ke bakin kasuwa ita ce wurin ajiya. Mai shigowa da wuƙa ko sanda, ko mai kayan da suka yi masa nauyi, nan yake miƙawa ya ce a ajiye masa, in ya gama cin kasuwa ya karɓa. Wani ya manta, wani tafiya ta kama shi, wani kuma ta Allah ta kasance. Uban su Cindo bai taɓa yar da abin kowa ba, bai taɓa sayarwa ba, sai ya jefa a adudun nan, Cindo ma ya ɗora a kan haka.

Ya kira Nomau ya ce, "Yau ba talla. Kai ne ba ka manta magana, ka san mai kowane abu a nan. Ba za mu tashi da kayan mutane a wuyanmu ba. Ka kira kowa da sunansa ka ba shi abinsa hannu da hannu, ban yarda da saƙo ba. Sai kowa ya karɓi nasa sannan mu tashi daga rumfar nan." Ya ɗauki tsintsiya ya nufi bayan mahauta don ya share inda za su koma.

Nomau ya ɗauki adudu ya hau saiwar tsamiya. Ya zaro wata sanda ya ɗaga. "Jatau maƙeri! Zo ka karɓi sandarka ta shekara shida!" Jatau ya taho yana dariya, ya ce shi har ya zargi maƙwabcinsa da ita. Aka kira wata mai tallan nono, ta zo ta karɓi faifanta tana ta mamaki. Mutane suka fara tsayawa. Sai Nomau ya zaro wani carbi ya ce, "Malam Boyi na Unguwar Rimi! Zo ga carbinka!" Dariya ta ɗauke. Malam Boyi ya shekara tara a ƙasa. Ɗansa, wani dillalin fata, ya ratso mutane ya ga carbin ubansa, ya miƙa hannu zai karɓa.

Nomau ya ce, "Kai ne Malam Boyi?"

Ya ce, "Ni ɗansa ne."

Nomau ya ce, "Yaya ya ce ban da saƙo." Ya mai da carbi cikin adudu, ya zaro na gaba.

Kafin ka ce me, magana ta zaga kasuwa, wai ga Nomau can yana kiran matattu su zo su karɓi kayansu. Mahauta suka bar nama, masu awo suka bar hatsi. Wasu dariya ta kawo su, amma da suka iso sai kowa ya yi tsit yana kasa kunne, ko za a kira nasa. Wannan ya ji sunan kakarsa, wancan ya ga wuƙar wansa da ya tafi fatauci bai dawo ba. Wata tsohuwa ta ce, "Subhanallahi! Shekara ashirin zoben nan yana nan, ba wanda ya sa shi a yatsa?" Mai kalangun Arzika yana can yana kaɗa wa iska, daga baya shi ma ya rataya ya taho kallo. Cindo ya dawo da tsintsiyarsa ya kasa ratsa taron, yana ta raɗa ba mai jinsa.

Ana cikin haka sai ga Sarkin Kasuwa Dogara, Arzika na biye da shi, har ya sa an ɗauko masa kayansa a ka. Aka dare musu hanya. Daidai nan Nomau ya zaro wani tsohon ludayin duma, ya tsage an ɗinke shi da jan zare, ya ɗaga shi sama ya ƙwala kira, "Gwamma mai fura! Gwamma! Zo ga ludayinki!"

Kasuwa ta yi shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Gwamma mahaifiyar Sarkin Kasuwa ce. Da furar nan ta raine shi, kuma tun da ya samu sarauta ba wanda ya ƙara kama sunanta a bainar jama'a. Ga shi yau an ƙwala shi har bayan gari. Kowa ya sunkuyar da kai, ana jiran a ga abin da za a yi wa Nomau.

Sarkin Kasuwa ya matso a hankali, idonsa a kan ludayin. Ya daɗe yana kallon jan zaren, sannan ya ce, kamar mai magana da kansa, "Ni na fasa shi. Ina ƙarami. Ko dukana ba ta yi ba." Ya miƙa hannu. "Ba ni."

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, ba naka ba ne."

"Uwata ce."

"To ka gaya mata ta zo."

Wani ya yi salati. Cindo ya samu ya kutso, ya zube gaban Sarkin Kasuwa yana raɗar ban haƙuri, ba wanda ya ko dube shi.

Sarkin Kasuwa ya ce, "Nomau, ta rasu. Shekara goma sha shida ke nan."

Nomau ya ce, "Ni dai abin da na ji da kunnena, ranar ta miƙa wa Baba ta ce, 'Ajiye mini, ina zuwa.' Ba ta aiko ta ce ta fasa ba. Yaya kuma ya ce ba za mu tashi daga rumfar nan ba sai kowa ya karɓi nasa."

Arzika ya ga abin yana neman ya ɗau lokaci, ga masu kaya sun gaji, ya gyara murya ya ce, "Ranka ya daɗe, rana tana yi. A sauke kayan?" Haba Arzika! Duk wayon nan naka, ba ka san lokacin da ake yin shiru ba?

Sarkin Kasuwa bai waiwaye shi ba. Mutumin da ba a taɓa ganin haƙorinsa ba balle hawayensa, sai ga shi ya kai hannun riga yana share ido a gaban jama'a. Ya dubi Nomau ya ce, "Ta ce tana zuwa?"

"Haka ta ce, ranka ya daɗe."

"To ku zauna nan ku jira ta. Duk wanda ya tashe ku kafin ta zo, ni da shi ne." Sannan ya juya ya ce, "Arzika, mai da kayanka inda ka ɗauko su."

Cindo yana nan durƙushe, hawaye na bin gemunsa. Nomau ya mai da ludayi cikin adudu a hankali, ya rufe, ya sauko ya sunkuya ya kai kunnensa bakin Yayansa kamar yadda ya saba, ya ce, "Yaya, tun da jiran ta za mu yi, in shimfiɗa mata tabarma?"

Cindo ya share hawayensa. Sannan ya ce, "Shimfiɗa."

Nomau ya kakkaɓe tabarma ya shimfiɗa a inuwar tsamiya, ya zauna daga gefe yana duban hanya. Ni ma a nan zan naɗe tawa tabarmar.